Wasiƙa zuwa ga masu raba kyautar Sallah a Kaduna: dan Allah a duba mai rai

Assalamu alaikum iyayena Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena, kawunnai da baffanni da gwaggonni, da ku masu ofisoshi da ƙungiyoyi da 'yan siyasa da kuke rabon kaya duk shekara, da shugabannin kasuwar dabbobi ta Zango da masu sayar da kaji na Kasuwar Barci da Santral da Kawo. Ina gaida kowa da girmansa. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri ku ma ban cire ku ba, tunda kuna da naku lokacin, kuma maganar ta shafi kazar Kirsimeti kamar yadda ta shafi ragon layya.

Ni dai ba malami ba ne, ba kuma likitan dabbobi ba, ɗan Tudun Wada ne mai 'yan awaki da kaji a bayan gida, kuma tun ina yaro nake bin baffana Zango duk lokacin layya ina riƙe masa igiya. Abin da idona ya gani shekara da shekaru ne ya taru ya tsaya min a wuya, ga shi babbar sallah ta ƙarato kowa ya fara lissafin wa zai ba me, shi yasa nace bari in yi magana tun kafin a fita kasuwa, don in an riga an saya an ɗaure a but ɗin mota to magana ta zama ihu bayan hari.

Bara da sallar azumi na ɗauki 'yar ƙanwata yawon sallah, shekarunta shida. A bakin titi muka tarar da wani da babban kwali cike da 'yan tsaki an rina su, ja, kore, shuɗi, ruwan hoda, yara sun yanyame shi. Ta kama min riga, kawu saya min kawu saya min. Na saya mata uku. Mai sayarwa ya zuba su a baƙar leda ya huda da tsinke ya miƙo mana, ni kuma na karɓa ban ce komai ba, wallahi har yau wannan shirun yana damuna. Kafin isha'i ɗaya ya mutu. Da asuba na biyu. Na ukun ya kai kwana uku, ita kuma don so ta ga kamar ya yi datti sai ta yi masa wanka da ruwan randa, shikenan. Da na je gidan ta kalle ni idonta jawur tace kawu ni ce na kashe shi ko? Nace mata a'a, kuma gaskiya na faɗa, don ba ita ba ce, mu manya ne muka ɗauki rai muka damƙa wa yarinya kamar balambalan.

Daga baya ne da na zauna da masu kiwon kaji na gane abin. Waɗannan 'yan tsakin kwanansu ɗaya ne ko biyu a duniya, yawanci maza ne daga wuraren da ake ƙyanƙyasa da inji, masu kiwon kajin ƙwai ba su da buƙatarsu shi yasa suke araha. Ɗan tsako a satinsa na farko ɗumi yake so na wajen digiri 32 zuwa 35, dare da rana, shi yasa kake ganin masu kiwo suna kwana da tukunyar gawayi ko fitila a ɗakin kaji. Yana da abincinsa na musamman, yana da rigakafinsa na cututtukan kaji irin su gumboro da fakat a kan lokaci. To ina yaro ɗan shekara shida zai san wannan? Zai matse shi a hannu, ya sa shi a aljihun sabuwar shadda, ya ba shi cincin, ya sumbace shi da bakin da zai ci abinci kuma daga nan sai zawo. Mai kwalin ya san yawancinsu ba za su kai sati ba. Ba sai an kama shi ko an zage shi ba, ranar da muka daina saye zai daina rini.

Na san akwai wanda zai ce ai ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi a zamanin Annabi sallallahu alaihi wasallam kuma ba a hana shi ba. Haka ne. Amma ku dubi hadisin da kyau, da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah da kansa ya tsaya yana lallashinsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Malamai da suka ciro halaccin ajiye tsuntsu daga nan sun sa sharaɗi, a ciyar da shi a shayar da shi kar a azabtar. Kuma shi dai wannan Annabin ne da sahabbai suka ɗauko 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu ya tambaya wa ya tayar mata da hankali, yace a mayar mata da 'ya'yanta. Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha kuwa ko ɗan islamiyya ya haddace shi. Mun san su duka, kawai in aka zo sayayyar sallah ne muke ajiye su a gida.

Sai masu kuɗi kuma, su nasu ya wuce ɗan tsako. Aku a keji, kanari, ɗan biri da sarƙa a ƙugu, kunkuru da aka huda masa ƙoƙon baya aka zura igiya. Aku mai jar wutsiyar nan da ake yayi, tun 2016 a taron da ƙasashe suka yi a Johannesbag aka sa shi a sahun farko na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, wato an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda an kusa ƙarar da shi. Najeriya kuma tana da dokarta ta kare dabbobin da ke neman ɓacewa tun 1985. Kafin aku ɗaya ya iso falonka da rai, wasu da yawa sun mutu a hanya cikin kwando. Kuma tsuntsu ne da zai iya shekara 40 ko fiye, a daji cikin garke yake rayuwa, kai kuma ka ba yaron da zai gaji da shi kafin a koma makaranta, sai ka ga akun ya zauna shi kaɗai a baranda yana fige gashin jikinsa da kansa. Ɗan biri kuwa uwarsa ba ta bayar da shi da daɗin rai, yawanci sai an harbe ta. In ya girma ya fara cizo sai a ɗaure shi a gindin bishiya har mutuwarsa.

Haka danƙo da bindigar nan mai ƙwallayen roba. Ka saya wa yaro, to wa zai harba? Ƙadangare, kurciya, magen maƙwabta, wani lokacin idon ƙaninsa. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya gaya musu Manzon Allah ya tsine wa wanda ya mai da mai rai abin gwada saiti. Nokawut ma da ake fasawa a lungu, mutane na firgita balle tunkiya mai ciki. Ƙwallo fa? Keke fa in da hali? Littafin zane da fensir masu kala? Yaro murna yake nema, ba dole sai wani abu ya sha wuya ba.

Yanzu bari in zo kan rago, don nan ne gizo ke saƙar.

Kar wani ya ɗauka ina cewa a daina layya ko a daina kyautar rago, a'a wallahi, ni ma zan yanka in Allah ya hore, kuma kai wa suruki ko malaminka ko tsohon maigidanka rago abu ne mai kyau da muka gada. Abin da nake cewa shi ne ragon nan kafin ya iso hannunka ya riga ya sha hanya. Daga Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela ko Potiskum aka loda shi a tirela, an cusa su kamar buhunan masara, rana ta dake su, babu ruwa, wasu an tattake su, an zo Zango an jawo shi ta ƙafa ko ta ƙaho an wurgo ƙasa. Sai kai ka zo ka saya, balami ko uda ko ɗan ƙasa mai kyau, ka biya kuɗi masu ciwo, sannan a ɗaure ƙafafunsa huɗu waje guda da igiyar nailan a tura shi but a danna murfi, a shiga cunkoson Ahmadu Bello Way da azahar, ko a kwantar da shi a kan tankin mashin kansa na lilo kusa da salansa. Na ga ragon da aka ciro daga but ya kasa tsayuwa, na ga wanda ƙahonsa ya karye yana jini. Jama'a ko ta fuskar ibada ma asara ce, tunda aibi huɗu da hadisi ya ambata sun hana layya: mai ido ɗaya da ya bayyana, marar lafiyar da ciwonsa ya bayyana, gurgu da gurguntarsa ta bayyana, da ramammen da ba ɓargo a ƙashinsa. Kaga kenan kana iya sayen lafiyayye ka gurgunta shi da hannunka tsakanin Zango da Malali. Kuɗin ɗaukar ƙaramar a-kori-kura, ko keke napep ɗin da zai tsaya da ƙafafunsa wani yaro na riƙe da shi, nawa ne a kan kuɗin ragon?

Na taɓa aiki a wani waje da ake raba wa ma'aikata raguna. An sauke su tun saura kwana goma sallah a filin siminti, ba rumfa, bokiti ɗaya na ruwa ga raguna sun fi ashirin, ana jiran ranar da manya za su zo a ɗauki hoto. Kafin ranar hoton biyu sun mutu, wasu na tari da majina. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, kawai a lissafin an sa kuɗin rago ba a sa kuɗin dusa da ruwa da inuwa ba. Ku masu ofis da 'yan siyasa dan Allah, in za ku yi irin wannan rabon ku ware mutum ɗaya wanda ya san kiwo ku biya shi, ko kuwa ku bar dabbobin a hannun mai su kowa ya je ya karɓi nasa ana gobe ko jibi sallah, ko ku ba mutane kuɗin su saya da kansu. Mai haya a ɗaki ɗaya a Rigasa ko Unguwar Mu'azu ina zai kai rago na kwana goma?

Wannan tambayar ita ce ba ma yi. Kafin ka aika wa mutum dabba ka tambaye shi, Baba akwai wajen ɗaurewa? Akwai mai kula? Ba rashin kunya ba ne. Kuma in ka aika, ka haɗa da rabin buhun dusa, damin harawa ko kowar wake, ɗan gishiri ko kanwa, da roba ta ruwa. Kyautar rago ba abincinsa ɗawainiya ce ka aika wa mutum, musamman yanzu da shi kansa mai gidan da ƙyar yake cika tukunya. Abin da ke faruwa kuwa sai a dinga zuba masa sauran shinkafa da tuwo da garin masara don ya yi ƙiba kafin sallah, dabbar da ta saba da ciyawa in ta cika ciki da hatsi farat ɗaya sai ciki ya kumbura, da safe a tarar ta miƙe. Ga kuma leda. Ku tambayi duk mahaucin da kuka sani me yake cirowa daga tumbin awaki da tumakin garin nan, ledar fiya wata, ledar biskit, baƙar leda dunƙule guda kamar ƙwallo. Dabba na ci tana ramewa ba a san dalili ba. Ledojin da muke naɗe kayan sallah da su muna watsarwa a lungu, can suke ƙarewa. Kwando ko faifai ko jakar yadi in aka sa kyauta a ciki sun fi kyau ma, kuma mai saƙa su ta samu na cefane.

Sai kuma ɗaure rago a ƙofar gida da igiya kamu biyu don masu wucewa su gani, rana ta fito ta faɗi a kansa, ruwan sama ya dake shi, yaran unguwa su hau bayansa, da yamma a kwance shi a kai fili a haɗa shi karo da na gidan su wane ana ihu har da caca. Iyaye muna gani muna dariya. Dabbar da za ka miƙa wa Allah ce fa. Alƙur'ani a suratul Hajji ya riga ya gaya mana naman da jinin ba sa isa wajen Allah, tsoron Allahn da ke zuciya ne ke isa. Ranar yanka ma, a wasa wuƙa sosai amma ba a gabansa ba, a ba shi ruwa, kar a ja shi a ƙasa, kar a yanka ɗaya ɗan'uwansa na kallo, kar a fara fiɗa rai bai gama fita ba. Hadisin da ke cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, yanka ne misalin da aka kawo a cikinsa. Kai ni a ganina sabuwar wuƙa mai kyau da dutsen wasawa kyauta ce babba ga limamin unguwa ko mahaucin da ke bin gida-gida ranar sallah, don wuƙar da ta yanka goma ta dakushe kafin ta sha ɗaya.

Iyayena shugabannin kasuwa, ku kuma roƙona gare ku kaɗan ne. Rumfa, kwamin ruwa, da ɗan gangare na katako ko tudun ƙasa da dabba za ta sauko daga mota da ƙafarta maimakon a wurgo ta. A ware marar lafiya gefe. A daina sayar wa mahauta tunkiya ko akuyar da cikinta ya fito fili. Kuma a ja kunnen masu ɗirka wa dabba allurai ana saura kwana biyu a yanka, don kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, a jikin kwalbar ma an rubuta, in ba a jira ba mu da 'ya'yanmu ne za mu cinye. Tunda gwamnatin tarayya ta buɗe ma'aikatar kiwo mai zaman kanta a 2024, ku da kuke da ƙungiya kuna da bakin da za ku nemi a ajiye muku likitan dabbobi a kasuwa ko da na satin sallah ne. Mu kuma masu saye mu dinga zaɓa, in ka ga dillali dabbobinsa na inuwa da ruwa a gabansu ka saya a wajensa ko da ya ɗan ɗara, ka kuma gaya masa dalili. Kasuwa kunne gare ta.

Kaji da zabi da talotalo su abin nasu ya fi muni don ba wanda ke jin kunyar wulaƙanta su. A ɗaure ƙafafu a rataya goma a kan mashin kai ƙasa, a ajiye su a rana baki buɗe suna haki, a kai gidan biki a jefar a bayan kicin kwana biyu ba a kwance ba. Kwando mai iska da ɗan gwangwanin ruwa ya isa. Kuma in kazar kiwo za ka ba mutum ka ce masa ya ware ta sati biyu kafin ya haɗa da nasa, musamman ku masu rabon Kirsimeti tunda a hunturu ne fakat ke share kajin gari, kaza ɗaya daga kasuwa sai ta kwashe akurki guda. Kar mu manta a jiharmu ne, wajen Jaji a ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a 2006, masu kiwo da yawa ba su manta da wannan shekarar ba.

Akwai kuma kyautar manya wadda ba rai a jikinta amma an kashe rai kafin a yi ta. Jaka ko takalmin fatar mesa, walat ɗin fatar kada ko guza, carbi ko kan sanda na hauren giwa. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe a Abuja wajen tan biyu da rabi na hauren da aka kama. Mu da sunan garinmu ma daga kada ya samo asali, yanzu in yaro na son ganin kada sai dai a kai shi wurin shaƙatawa na Gamji. Ungulu fa, yaushe rabon da ku ga sun yi dandazo a mayanka kamar da? Dajin Kamuku na Birnin Gwari da aka mayar gandun ƙasa a 1999 yana jiharmu, namun da suka rage a irin waɗannan dazukan ba su da yawan da za mu dinga ɗinka takalmi da su. Ga fatar jar akuya da duniya ta san mu da ita tun zamanin fatake, ga ta saniya da ta rago, dukawanmu sun iya aikinsu, kuma dabbar dama an yanka ta don ci. Jaki ma saboda fatarsa da ake kaiwa Sin aka dinga kwashe su har sai da ƙungiyar Tarayyar Afirka ta hana cinikin a Fabrairun 2024, je ƙauye ka ji kuɗin jaki yanzu.

Doki kam zan taƙaita. Masu biya wa yara hayar doki don kilisar sallah, ku dubi bayan dokin da bakinsa kafin ku biya. In akwai gyambo a ƙarƙashin sirdi ko linzami ya yanka baki, ku wuce. Doki ɗaya tun safe har magariba a kan kwalta ana ta sukuwa ana bulala, wannan ba irin hawan da muka gani a Zazzau ba ne, can mai doki ya fi kula da dokinsa a kan kansa. Masu yawo da kura da biri a sarƙa kuma kuɗin da muke jefa musu ne ke sa a koma daji a kamo wasu.

To me za a bayar? Ai abubuwa sun yi yawa, atamfa, shadda, hula, turare, dabino, man kaɗe, cittar Kachia, zuma daga masu kiwon zuma da akwati waɗanda ba sa ƙone amya da wuta. Amma wanda nake so in tsaya a kai shi ne kyautar da ita kanta dabbar za ta amfana, don ita ce ba mu saba ba. Bana kafin azumi na je ƙauyenmu wajen Giwa, maimakon turmin atamfa na uku da innata za ta ajiye a adaka, sai na ɗauki ma'aikacin dabbobi na yankin muka yi wa awakinta da na matan gidan duka rigakafin PPR, cutar nan mai sa majina da zawo da ke kwashe awaki da tumaki. Allura ɗaya tana karewa aƙalla shekara uku, kuma a nan ƙasar ake yin ta, a cibiyar Vom ta jihar Filato da ke aiki tun 1924. Aka ba su maganin tsutsa, aka ɗiga wa kaji na fakat. Kuɗin duka bai kai na atamfar ba. Ga macen karkara akuya ita ce bankinta, ita ce kuɗin asibiti, ita ce kayan ɗakin 'yarta. Addu'ar da na sha ranar har sai da na ji nauyi.

Haka in kana da maigadi ko ɗan'uwa mafarauci ko makiyayi mai kare, biya masa allurar haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta ciwon na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare ne, kaso mai yawa kuma yara ne, kuma in alamun suka bayyana ba magani. Ka kare karen ka kare yaran unguwa. Mai jaki a ƙauye ka ɗinka masa sabon akumari mai laushi, bayan jakin ya huta da gyambo. Bazawara mai marayu in za ka ba ta akuya ka ba ta mace, lafiyayya, an yi mata rigakafi, tare da abincin wata guda. Wanda dabbarsa ke ciwo ba shi da kuɗin mota ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati, in abin ya yi tsanani ga na koyarwa na ABU a Zariya. Dashen darbejiya ko mangwaro a turke ma kyauta ce, shekara uku zuwa huɗu an samu inuwa. Sahabbai sun tambaya ko akwai lada a kan dabbobi bayan labarin mutumin da ya shayar da kare da takalminsa, aka ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ku ma 'yan'uwa Kirista littafinku a Karin Magana ya ce adali yana kula da ran dabbarsa, kenan a nan ba mu da saɓani.

Malamanmu masu huɗuba, dan Allah juma'ar da ke gaban sallah a ɗan ba wannan minti biyar, ana faɗin shekarun dabba da lokacin yanka amma but ɗin mota da igiyar nailan ba a cika taɓo su ba, kuma maganarku ta fi tawa shiga.

Ita kuwa 'yar ƙanwata, da sallar azumin bana ban saya mata komai mai rai a titi ba. Kasko na saya mata na ƙasa, muka ajiye a gindin gwaibar gidansu, ita ke zuba ruwa da ɗan gero kullum da safe, kurciyoyi da gwarare da bayin Allah suna sauka tana leƙensu ta taga, har ta san wacce kurciya ce ke korar 'yan'uwanta. Bayan wata guda da na ga ba ta taɓa mantawa da ruwan ba, sai kakarta ta aiko mata da kazar Hausa guda daga ƙauye, an yi mata rigakafi, mamanta ta yarda, babanta ya haɗa akurki da ragowar langa-langa. Yanzu haka kazar na kwance a kan ƙwai tara. Na gaya mata kwana 21 ne, ta samu alli tana jan layi a bango, jiya ta karɓi wayar mamanta ta kira ni tace kawu saura shida.

Allah ya kai mu sallah lafiya, ya karɓi ibadunmu. Wanda na ɓata wa rai ya yafe min.

Naku,
ɗan'uwanku daga Tudun Wada, Kaduna